Babbar Motar Sizemore a Ƙofar Gidan Koci

Harlow Gap, Kentucky
1 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Lurleen,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Verna. Muna nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da ke tuna min shekaruna kowace safiya. Verna kuwa hawan jininta ya sauka tun da likita ya raba ta da gishiri, sai dai ya haɗa da fara'arta ya tafi. Ina fata sanyin Alaska bai cinye miki yatsu ba, kuma masu haƙar zinaren nan sun san darajar girkin da suke ci. Kin ce minti goma ake ba kowa a wayar sansaninku ran Lahadi, kuma duk na Tobin ne. Daidai ne. Ni dama takarda ta fi min, don ba ta katse mutum.

Ranar da za ki tafi kin tsaya a harabar kamfanina kika ce, "Yaya Orval, ga Tobin nan, ka sa masa ido." Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, ni ban taɓa cewa ba. To na sa idon, ga kuma abin da na gani.

Wasan ƙwallon kwando bakwai jami'ar garinmu ta buga bana, ɗanki bai taka fili ba ko na minti ɗaya. Yaron da bara ya zuba wa 'yan Millbrook maki goma sha huɗu a kwandonsu! Yana can ƙarshen benci da tawul a wuya kamar mai jiran aski.

Ni ban yi jami'a ba, sakandare ma da ƙyar na fita. Amma mutumin da ya fara kwasar kayan masu tashi daga gida zuwa gida da tsohuwar mota ɗaya, yau yana da goma sha ɗaya, ya san yadda ake raba wa mutane aiki. Koci Maddox bai sani ba. Ya nace wa tsaron yanki, kowa ya tsaya a gurbinsa yana ɗaga hannu kamar mai shanya, abokan karawa kuwa su ja baya su yi ta jefa masu maki uku hankali kwance. A ƙasar nan mutum-da-mutum muka gada: ka riƙe naka, in ya tafi shan ruwa ka bi shi. Don wannan aka haifi Tobin. Na faɗa a gidan abincin Opal, na kuma faɗa a rediyo. Kin san shirin Bakin Kwando na yammacin Litinin. Yanzu da na buga waya sai mai gabatarwa ya ce, "Jama'a a gyara zama, ga Mai Babbar Mota." Delmer mai aski ya ce min, "Orval, kai da ba ka taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba, kai ne za ka koya wa koci?" Na ce, "Kai ma ba ka da gashi ko ɗaya, ga shi kana aski."

Abin da ke damuna gurbinsa ne. Kin fi ni sanin ƙwallon nan ce ke ɗauke masa nauyin karatu, kuma shekara-shekara koci ke sabunta takardar. Saura shekara ɗaya da rabi ya karɓi digirin da babu wanda ya taɓa karɓa a zuriyarmu. Ɗan wasan da ba ya wasa, wa zai sabunta masa? Wancan Lahadin da ya zo cin abinci na ce masa, in Maris ya yi ya sa sunansa a rajistar sauya sheƙa, wasu makarantun su gan shi su neme shi. Ya ce, "Kawu, ka bar koci ya yi aikinsa." Ya rame, Lurleen. Ya daina shan kofi, soyayyar kazar Verna ma tsakura ya yi ya ture. Baƙin ciki ne, ina gane shi in na gan shi.

Kada ki sa damuwa. Ina nan.

Yayanki,
Orval Sizemore

Sansanin Gray Fox, Alaska
12 ga Disamba

Yaya Orval,

Ina gaishe ka, a gaida min Anti Verna, ta bi maganar likita ko tana so ko ba ta so. Ni lafiya ƙalau, sai baya da ke ciwo saboda ɗaga tukwane. Mutum saba'in nake ciyarwa sau uku a rana, ranar kuwa leƙowa kawai take ta koma.

A tsaye na karanta takardarka a bakin murhu, har wake ya kama. Tobin bai gaya min ko ɗaya ba. In na tambaye shi wasa sai ya ce, "Mama, ya sanyi?" Mutumin nan Maddox a kicin ɗina ya zauna, ya ci burodin masarata yanka uku, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Madam Caudill, kamar ɗana zan riƙe shi." Da wannan maganar na samu ƙarfin zuciyar tahowa nan. In haka yake riƙon ɗa, to nasa ya shiga uku. Da ina gari, da na je har ƙofar gidansa na ce ya tattara kayansa ya koma inda ya fito. Amma ga ni nan ina ferar dankali a ƙarshen duniya, ba ni da kowa a can sai kai.

Ka matsa masa ya ci abinci.

Ƙanwarka,
Lurleen

Harlow Gap
14 ga Janairu

Ƙanwata Lurleen,

Barka da sabuwar shekara. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, Verna lafiya, sai dai kwana biyu ke nan da hannu take min magana. Za ki ji dalili. Zauna tukuna.

Ran Asabar 'yan Millbrook suka zo har gida. Saura minti huɗu muna gaba da maki tara. Suka jefa mai uku, suka ƙara, suka ƙara. Koci yana da damar kiran hutu har sau biyu a hannunsa, ya tsayar da wasa yara su yi numfashi, bai kira ba. Ya rungume hannu yana kallo kamar a gidan wani ake gobarar. Da maki biyu suka cinye mu. Wannan duk da na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba, na duba benci daga wannan kai zuwa wancan, babu Tobin. Ko tawul ɗin ma an hana shi riƙewa. Na tambayi mai tsaron ƙofar 'yan wasa, ya ce koci ya ba shi hutu. Hutu! Na je ɗakin kwanansu, ba ya nan. Wayarsa a kashe. Na dawo gida na ciro takardarki ta Disamba na sake karantawa, inda kika ce ba ki da kowa sai ni.

Kin san al'adar garin nan. In koci ya ishi mutane, sai a wayi gari an kafa masa allon sayar da gida a ciyawar ƙofarsa. Mahaifina ya taɓa yi wa wani a zamaninsu. Amma allo aikin matsorata ne, a ɓoye ake kafawa a gudu. Ni Orval Sizemore ban taɓa ɓoye fuskata ba.

Lahadi ƙarfe goma da rabi, lokacin da kowa ke kan hanyar coci, na shiga mota mai lamba ɗaya, babbar nan ruwan ɗorawa mai sunana da jan fenti. Na kai ta titin Sycamore na tsayar daidai ƙofar Maddox. Na sauke matakalar baya. Na jera kwalaye arba'in sababbi fil a kan ciyawarsa, na ɗora gam ɗin liƙe kwali a sama, don kada ya ce ba a yi masa cikakken aiki ba. Sannan na jingina da mota na harɗe hannu irin yadda yake yi.

Lurleen, da kin ga gari! Masu wucewa suna danna oda, ɗalibai suna ɗaukar hoto. Delmer ya tsaya da motarsa ya ce, "Orval, ka haukace!" yana dariya har da hawaye. Babu wanda ya fito daga gidan. Labulen wata taga ta sama ya motsa sau ɗaya, shi ke nan. Na yi awa guda na ja motata, na bar masa kwalayen kyauta.

Verna ta ce, "Ran Lahadi, Orval? Da kayan coci a jikinka?" Tun daga nan ba ta ƙara ba. Amma jiya a rediyo rabin shirin a kaina aka yi. Yau da safe a wurin Opal wani daga cikin 'yan majalisar jami'a ya zo har teburina ya ce, "Ka faɗi abin da mu ba mu iya faɗa ba." Kwanakin Maddox a garin nan sun kusa ƙarewa, in wani koci ya zo zai ga abin da ke zaune a bencinsa.

Saƙonki ya isa har ƙofa, ƙanwata.

Yayanki,
Orval

Sansanin Gray Fox
An rubuta 4 ga Janairu, ta iso Harlow Gap 25 ga wata

Yaya Orval,

Gaisuwa gare ka da Anti Verna. Tun Kirsimeti jirgi bai sauka a nan ba saboda iska, ban san yaushe wannan za ta same ka ba. Ni ina lafiya, barci ne dai babu.

Ka yaga takardata ta Disamba. Na zalunci bawan Allah. Wancan Lahadin na ce wa Tobin ba zan ajiye wayar ba sai ya gaya min gaskiya, ya gaya min. Tun watan Oktoba likitan 'yan wasa ya ji bugun zuciyarsa ba daidai ba. An hana shi gudu, an hana shi kofi. Shi ya roƙi koci kada kowa ya sani, don in maganar ta fita babu makarantar da za ta ƙara kallonsa. Maddox ya yi masa alkawari, ya kuma ce ko bai sake taka fili ba, muddin shi ne koci zai sabunta masa takarda har ya gama digirinsa. Duk zagin da ake masa a kan benci ya ji, bai buɗe baki ba. Matarsa ce ke kai Tobin asibiti a Lexington duk Alhamis.

Ran tara ga wannan wata za a yi masa aiki, su zura wata siririyar waya ta jijiya su gyara wurin. Sun ce ba mai haɗari ba ne. In an sallame shi, mako guda zai kwanta a gidan Maddox, a ɗakin sama. Na ce me ya hana gidan kawunka? Kada ka ji haushi, ga abin da ya ce: "Mama, Kawu mutumin kirki ne, amma abin da ya shiga kunnensa ran Lahadi yana rediyo ran Litinin." Duk da haka na ga bai dace a bar ka a duhu ba. Ka riƙe a cikinka. Ka sassauta wa mutumin nan a rediyo, don gurbin Tobin a hannunsa yake. In da hali ka kai musu miyar kazar Anti Verna.

Ƙanwarka,
Lurleen

Harlow Gap
28 ga Janairu

Lurleen,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ban san yadda ake fara irin wannan ba.

Takardarki ta huɗu ga wata sai ran Asabar ta zo. A harabar kamfani na buɗe ta, kusa da motar. Da na kai inda kika ambaci ɗakin sama sai na zauna a kan matakalar motar, ban san na zauna ba. Na kai wa Verna ta karanta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Tukunya ta ɗora ta yi miyar, ta zuba a kwano ta miƙo min.

Tobin ya koma ɗakinsa na makaranta, can na same shi. Aikin ya yi kyau, yana tafiya a hankali. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, Mista Sizemore." Yaron da na koya wa tuƙi.

Na ce, "Tobin, ban sani ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba."

Na ce, "Kai ne a bayan labulen?"

Ya ce, "Bazara biyu ina wanke motar nan, ko a barci na san ƙarar injinta. Likita ya ce kada na tashi da sauri. Da na ji ta sai na diro daga gado, na ce Kawu ya ji labari, ya zo duba ni."

Lurleen, na ɗauki piyano a bayana daga hawa na uku, ban taɓa jin nauyi irin na maganar nan ba.

Ya ce Madam Maddox ta hau da shayinsa ta same shi a taga, ta tambaye shi ko ya san mai motar. Ya ce mata a'a. Ita kuma ta san ƙarya ce, don sunana ne a takardar asibiti, wurin da ake rubuta ɗan'uwan da za a kira in wani abu ya faru. Sai kawai ta ja labulen. Ya karɓi miyar ya ce a gode wa Anti Verna. Bai ce na zauna ba.

Jiya na kira rediyo. Na ce na yi kuskure, a bar Maddox ya gama aikinsa. Mai gabatarwa ya ce, "To me ya canza, Mai Babbar Mota? Tsaron yankin ne ya gyaru?" Na buɗe baki, ba abin da zan iya faɗa sai sirrin yaron. Na ce, "Na dai yi tunani." Dariya suka yi. Wanda ya kira bayana ya ce an kira ni ofis an shafa min kai. Delmer ya tare ni yau ya ce, "Haba Orval, kai ka tara mu, yanzu kuma ka ce mu watse?"

Ba za su watse ba. Ɗalibai sun buga hoton motata a riguna. A wasan Laraba, da aka fara cin mu, duk ɓangarensu ya miƙe yana buga ƙafa yana cewa, "Kawo mota! Kawo mota!" Wasu suna juyowa suna tafa min. Tobin yana ƙarshen benci da kayan gida, kansa a ƙasa. An fara zagayawa da takardar neman a kori koci, mutum dubu biyu sun sa hannu, kuma sunan motata suka sa mata.

Na ce miki ina tsaron gurbinsa. Mutum ɗaya ne a duniya ke riƙe da gurbin nan, shi na je na jera wa kwalaye. Ki yafe min in kina iyawa.

Orval

Sansanin Gray Fox
9 ga Fabrairu

Yaya Orval,

Na gaishe ka. A gode wa Anti Verna da miya, Tobin ya ce ya shanye. Ni lafiya.

Jirgi ɗaya ya kawo takardunka biyu, na karanta su a jere, ta murna da ta kuka. Ta farkon sai da na fita waje cikin ƙanƙara kafin na iya gama ta. Ba zan ɗora maka duka ba, ni na fara cewa ya tattara kayansa. Amma ni uwa ce mai fushi a gaban tukunya, a takarda na faɗa. Kai ka ta da inji.

Ka ba ni haƙuri, ka ba Tobin, ka ba rediyo. A duk shafukan nan ban ga inda ka ce ka hau barandar gidan nan ka ƙwanƙwasa ba. Ranar da ka je cin mutunci da rana tsaka ka je, kana alfahari ba ka ɓoye fuskarka. To ina fuskar yanzu?

Sirrin yaron kuwa yana nan a sirri, ko da hakan na nufin garin su ci gaba da yi maka dariya. Ka je ka ƙwanƙwasa.

Lurleen

Harlow Gap
22 ga Mayu

Ƙanwata Lurleen,

Gaisuwa daga ni da Verna. Tana lafiya, ta dawo yi min magana da baki. Gwiwata ta kumbura kamar kabewa, za ki ji dalili. Kusan wata huɗu ban rubuto ba, don ba ni da amsar tambayarki. Na san Tobin yana gaya miki komai a waya, amma ina so ki ji daga wanda ya jawo.

Ban ƙwanƙwasa ba. Sau huɗu na shiga titin Sycamore da ƙaramar motata, sau huɗu na fita ta ɗaya kan. Na yi ta gaya wa kaina sai an ci wasa ɗaya tukuna, lokacin zai fi daɗi. Ran goma ga Maris aka sallami Maddox daga aiki. Sabon kocin da aka kawo ya ce gurbi goma sha uku gare shi, kuma duk na masu iya gudu ne. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan faɗa a rediyo. Tobin ya sa sunansa a rajistar sauya sheƙa, shawarar da na ba shi a Disamba ina ji da kaina. Mako shida babu makarantar da ta kira.

Farkon watan nan wayar ofis ta yi ƙara, na ɗauka. Mace ta ce, "Mista Sizemore? Matar Maddox ce. Kai kaɗai ke kwasar kaya a garin nan, kuma aiki na kira ka, ba gaisuwa ba. Za mu tashi zuwa Iowa ran sha tara." Na ce zan turo kwalaye. Ta ce, "Akwai arba'in a gareji tun Janairu, na kwashe su kafin ƙanƙara ta jiƙa su. Ba su isa ba. Ka ƙaro shida."

Ina da ma'aikata ashirin da biyu, amma da kaina na je, da mota mai lamba ɗaya. Na tsayar da ita inda na tsayar a da. Wannan karon na hau baranda na ƙwanƙwasa, ko da yake ƙofar a buɗe take. Maƙwabta sun fito suna kallo, babu mai danna oda.

Ni da koci muka sauko da babban kabad daga ɗakin sama, ɗakin da yaron ya kwanta. A tsakiyar matakala na ce, "Koci, ina so na ce..." Ya ce, "Ɗaga ɓangarenka, Sizemore, za ka kashe ni." Sai da muka kai shi mota ya goge gumi ya ce, "Da ɗan'uwana ne a bencin, ni ma zan yi fushi. Sai dai da na fara tambaya." Na ce na yi abin kunya, a gaban matarsa na faɗa, hulata a hannu. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ina sauraronka duk Litinin, ka sani? Ka yi gaskiya a abu ɗaya. Don mutum-da-mutum aka haifi Tobin. Da na rasa shi ba ni da wanda zai riƙe kowa, shi ya sa na koma yanki." Wata shida ina so mutumin nan ya ce na yi gaskiya. Da ya faɗa, ban iya ɗaga ido ba.

Ƙaramar kwaleji ce ta ɗauki Maddox, a tsakiyar gonakin masara, zauren wasansu bai kai rabin namu ba. Kafin ya sa hannu sharaɗi ɗaya ya kafa musu: su ba Tobin gurbi a matsayin ɗalibi mai taimaka wa koci, karatu kyauta har ya gama. Sun yarda. Digirin yana nan, Lurleen. Ba ni na tsare shi ba, kuma ba a garin nan za a karɓe shi ba, Verna kuma ta rasa mai cin kazarta ran Lahadi.

Motar su Maddox ta cika da tukwanen furanni da kare, don haka Tobin a tawa ya hau, da jakarsa biyu. Biyar na yamma muka tashi, ran Litinin. Da shida ta yi, hannuna da kansa ya murɗa rediyo, sabo. Suna ta gardama a kan 'yan wasa biyar da sabon koci ya ɗebo daga rajista, wane dogo ne amma ba ya gudu, wane kuma makaranta uku ya bari a shekara uku. Sai mai gabatarwa ya ce, "Ina Mai Babbar Mota ne? Tun Janairu ya ɓace mana. In kana ji, muna jiran hukuncinka." Lokacin mun fara hawan tsauni, muryar ta soma yankewa.

Tobin ya kalli wayata a kan kujera, ya kalle ni. Ya ce, "Kana da ra'ayi a kansu?"

Ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "Ina da shi."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya kwantar da kai a jikin taga ya ce, "To ka riƙe shi har Iowa, Kawu."

Tun Janairu ban ji sunan nan a bakinsa ba. Na riƙe har Iowa, na dawo da shi gida, yana nan ban ba kowa ba.

Yayanki, in har yanzu kina so,
Orval